Dunduniyar Takalmin Kawu Essilfie

Sekondi,
14 ga Mayu.

Zuwa ga 'yata Kukua,

Gaisuwa mai tarin yawa daga mahaifiyarki, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Fiifi da jikokina biyu. Duk safiya in na durƙusa addu'a sunanki ne ke fara zuwa bakina. Ubangiji ya tsare ku daga sanyin Winnipeg ɗin nan da kike ba ni labari, ya ƙara miki ƙarfin tsayuwar da kike yi a kan marasa lafiya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta sauka, rufin kicin ya koma tsohon halinsa, na ajiye masa bokiti biyu. Innarki Baaba ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, har ta koma kasuwa tana faɗa da masu kifi, kin san kuwa wannan ita ce shaidar warkewarta. Ƙaninki Ekow yana nan yana fama da aikin tashar jiragen ruwa, ya yi ƙiba, aure ne dai har yau bai ga dama ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro na bar waya shi ne maganar babanki. Tun ranar da Ekow ya tura miki bidiyon wasan watan Maris kika kira ni kina kuka, kika ce a raba shi da kiɗa haka nan kafin ya zama abin dariya a gari, mu tattara mu koma wurinki likitoci su duba shi. Ni kuwa ba abin da nake cewa sai to, to, don yana zaune kusa da ni, ina tsoron ya ji. Yanzu in na tuna sai dariya ta kama ni, hawaye na biye da ita, domin ko ihu na yi a ranar ba zai ji ba. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke hukunci, don a cikin abin da kika gani a bidiyon nan akwai hannun uwarki dumu-dumu.

Kin san shekara goma sha tara ke nan ƙungiyar jaz ɗinmu tana wasa duk Lahadin farko ta wata, daga ƙarfe huɗu zuwa shida da rabi, a benen tsohon siton nan na bakin ruwa mai daɓen katako. Kin san kuma ni ba don kiɗan nake zuwa ba. Teburin kelewele, soyayyar agadar nan mai yaji, da zoɓo ne nawa, shi ya sa ma aka saka ni a kwamiti. A kunnena jaz bai wuce awaki da aka buɗe wa garke ba, mai ƙaho ya yi gabas, mai fiyano ta yi yamma, can kuma sai ka ga duk sun shigo ta ƙofa ɗaya ana tafi. Babanki yakan ce shi da mai ganga su ne ƙasar da sauran suke takawa, in ɗayansu ya goce kowa ya faɗi. Yana nan a kusurwarsa rungume da ƙaton bes ɗin nan mai igiya huɗu da ya fi shi tsayi, wanda nake kira kabad tun kina goye. Kuma 'yan shekarun nan ba ya wasa sai ya tuɓe takalmi ya tsaya ƙafa tsirara. Mutane suna cewa salo ne, har matasa suna kwaikwayonsa. Ni kunya abin yake ba ni, dattijo mai jikoki, sanye da kwat, ƙafa kamar ta masunci.

Maganar kunnensa kuwa, na san ya yi nauyi, amma ban taɓa ɗaukar abin da gaske ba. In na kira shi cin abinci sau uku bai amsa ba, sai in ce kunnen ƙashi ne. Har gorin sa nake yi a gaban baƙi, in ce mutumin da bai taɓa kuskuren taki ɗaya a wurin kiɗa ba, muryar matarsa ce kaɗai ba ya ji. Shi kuma sai ya yi murmushi ya kaɗa kai. Na'urar kunnen da kika aiko a watan Fabrairu, tare da baƙaƙen takalman nan masu kyau, ya yi godiya ya saka ta a durowa, ya ce ta tsofaffi ce.

To ni ce na tada maganar ƙaura. Matakalar siton nan hawa ashirin da biyu ce, na ƙirga ta da gwiwoyina shekara da shekaru, ga tukwane a kai. Da na ji wani sabon otal zai ba mu zaurensa na ƙasa, mai tayil da na'urar sanyi, sai na sa abin a gaba, na bi 'yan kwamiti gida-gida. Madam Hagan, shugabarmu mai fiyano, ta yarda nan take don ita ma ƙafafunta sun gaji. Mu bakwai ne, shida muka ɗaga hannu. Mutum ɗaya ya ƙi, kuma ba sai na gaya miki ko wane ne ba. Kawunki Kwamena Essilfie mai ganga, kafintan jiragen ruwa, aminin babanki tun suna yara, wanda ni da shi ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba tun ranar aurena. Aka tambaye shi dalili, ya ce shi dai bai yarda ba. Aka sake tambaya, ya ce tayil ba ya son jaz. Nan na tashi na wanke shi tas a gaban mutane. Na ce mutumin da ya kasa canza takalmi, yana yawo da dunduniyar hagu a cinye yana tafiya a karkace kamar kaguwa, ina zai iya canza zaure. Kin san shekara nawa ina kiransa Dunduniya saboda takalmin nan. Aka yi dariya. Ya dube ni ya ce Kwamanda ta yi magana, soja ba shi da ta cewa, ya ɗauki hularsa ya fita. Da na koma gida na gaya wa babanki, ya daɗe yana kallon bakina, sannan ya ce gwiwoyina sun hau bene ya isa haka. 

Ranar wasan farko a sabon wuri na goge takalman da kika aiko, na ce yau dai sai ya saka, ba za mu shiga otal da ƙafar masunci ba. Ya saka. Zaure ya cika har da mutanen Takoradi da ba su taɓa zuwa ba. Waƙar farko ta tafi lafiya, sai dai na lura idonsa na kan hannun Kawunki ko ƙiftawa ba ya yi. A ta biyu, mai sanyi ce, Kawunki ya ajiye sanduna ya ɗauki burushin waya yana shafa fatar ganga a hankali, hannun ba ya ɗagawa balle a gani. Nan babanki ya ɓace. Ya yi gaba, ya dawo baya, mai ƙaho ya juyo yana kallonsa. Sai na ga ya sa ƙafa ya ture takalman ɗaya bayan ɗaya ya tsaya a kan tayil, yana matsa yatsun ƙafarsa kamar mai laluben abin da ya faɗi cikin ruwa. Bai samu ba. Madam Hagan ta karɓi aikinsa da hannun hagu ta kai waƙar ƙarshe. Mutane suka yi tafi, irin tafin nan da ake yi wa yaro in ya manta karatunsa a coci. Wannan tafin ya fi masa ciwo a kan a jefe shi.

Da muka dawo ya sa wa kabad rigarsa, ya kai shi ɗakinki ya juya fuskarsa bango. Ya ce ya gama. Sati bakwai, Kukua. Wasan Afrilu aka yi shi ba shi. Yana zaune a baranda yana kallon hanya, dokunu, ƙullin tuwon masarar nan, ko ɗaya ba ya iya cinyewa, mutumin da yake tashi da uku in da soyayyen kifi. Wandonsa ya fara zamewa. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, don na ga yadda tsoho yake mutuwa yana zaune lafiyarsa ƙalau.

Ni kuwa duk wannan lokaci zuciyata ta ba ni cewa Kawunki ne ya yi da gangan, ya rage sautin ganga don ya nuna wa kwamiti shi ke da gaskiya. Wata Talata da hantsi na ɗaura zane na nufi shagonsa da niyyar faɗa. Na same shi yana goge wasu dogayen katakai baƙaƙe, tsofaffi, na gane su, na daɓen siton ne. Ya bar ni na zazzage duk abin da na zo da shi, bai ɗaga kai ba. Da na gaji sai ya ce in Kwamanda ta gama harbi, ta cire silifa ta hau kan wancan katakon. Na ce ban zo wasa ba. Ya ce shi ma tun da aka haife shi bai taɓa wasa da ni ba, yana son ransa. Na hau. Ya je can ɗaya ƙarshen, taku goma tsakaninmu, ya ɗora ƙafar hagu ya fara buga dunduniya. Ban ji sauti sosai ba, don injin maƙwabcinsa na ƙara, amma bugun ya shigo ta tafin ƙafata ya hau har gwiwa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya ce to wannan shi ne kunnen mijina, shekara shida ke nan.

Ashe shekara shida da suka wuce, ranar da suka yi kiɗan jana'izar wani ɗan ƙungiya a tsakar gida mai siminti, ya ga babanki yana gocewa. Lahadi ta zagayo, a kan katakon sito, ya gan shi daidai kamar agogo. Ya ce shi kafinta ne, abin da katako yake yi ba a ɓoye masa. Sai ya ja kujerarsa da gangunansa har ƙafarsa ta hagu ta sauka a kan dogon katakon da babanki ke tsayawa, ya riƙa dukan sa da dunduniya a kowane taki, daga farkon wasa zuwa ƙarshe. Da wata ya zagayo babanki ya zo ya tuɓe takalmi. Shi ke nan. Ba su taɓa yin maganar ba ko sau ɗaya, shi ya sani, babanki ya san ya sani. Na ce masa, cikin kuka, me ya hana shi faɗa a kwamiti ya bar ni na yi wannan ɓarna. Ya ce sirrin da mai shi bai gaya masa ba, da wane baki zai gaya wa mutum shida. Ya ce kuma ya ɗauka Ebo, babanki ke nan, zai hana da kansa, da ya ga bai hana ba sai ya gane gwiwar Kwamanda ta fi masa kabad.

Ban san lokacin da na zauna a kan katakon ba. Idona ya sauka a kan takalminsa, dunduniyar hagu a cinye har ƙusa ta fito, wadda na shekara shida ina yi wa dariya. Gaskiyar masu magana, rashin sani ya fi dare duhu. Na ba shi haƙuri, karo na farko cikin shekara arba'in da ɗaya. Ya ce in daina, ina ba shi tsoro, ya fi gane ni in ina masifa.

Katakan kuwa ya roƙi mai kula da siton ne ya cire guda biyar daga kusurwar da suke tsayawa, ya maye masa da sababbi. Ya haɗa su ya yi ɗan dandamali mai tsayin taƙi ɗaya, cikinsa holoƙo kamar ganga, mai ɗaukar mutum biyu da kayansu. Ya gaya wa Madam Hagan wai don gyaran sauti ne. Ita kuwa tsohuwar shugabar makaranta ce, ta dube shi ta saman tabarau ta ce ta shekara talatin tana jin ƙaryar yara, tasa ba ta kai ta 'yan aji uku ba, amma kada ya gaya mata komai, ya kawo dandamalin kawai. Ashe hannunta na hagu ma ya daɗe da zargin wani abu.

Saura yadda za a yi babanki ya hau, don ya rantse ba zai sake taka otal ɗin ba, ko Kawunki ya zo gaisuwa shiga ɗaki yake yi. Ranar Asabar da yamma Kawunki ya turo dandamalin a amalanke, ya kafa shi a tsakar gidanmu, ya jera gangunansa ya fara kiɗa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, babanki na ɗaki bai san ana yi ba. Na shiga na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina, na ce amininsa ya zo ya zubar min da tarkace a tsakar gida, in shi ne maigida ya fito ya kore shi. Ya fito a fusace da silifa, yana cewa Kwamena ba shi da hankali tun yana yaro, gidan mutane ba bola ba ne. Hanya ɗaya ce zuwa wurin Kawunki, sai ta kan katakon. Ya taka ya hau yana nuna shi da yatsa, Kawunki bai ko dube shi ba, dunduniya na aiki. Sai na ga hannun babanki ya sauka a hankali. Ya tsaya. Ya zare silifa ɗaya, ya zare ɗayar. Ya daɗe a tsaye idonsa a rufe, kansa ya fara kaɗawa. Sannan ya juyo ya ce, Aba, a ɗauko min kabad. Shekara arba'in yana faɗa da ni a kan sunan kabad ɗin nan, ran nan da bakinsa ya faɗa. Ni da Ekow muka ciccibo shi. Suka yi kiɗa har miyata ta kama a wuta, ban damu ba. Da yamman nan dokunu uku ya ci.

Bayan Kawunki ya tafi na zauna gabansa na gaya masa na san komai, na roƙe shi gafara a kan gorin da na riƙa yi masa da ƙaurar da takalman. Ya ce ba ni da laifi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne ya ƙi nuna min. Ya ce tsoro yake ji in an sani a riƙa yi masa irin tafin nan. Na ce to an yi masa ya ji, bai mutu ba. Ya yi dariya har da tari.

Lahadin farko ta wannan watan aka kafa dandamalin a zauren otal, a kan tayil ɗin nawa. Ya hau ƙafa tsirara da kwat ɗinsa, wannan karon ban ji kunya ba. Da aka zo waƙar nan mai sanyi da ta kayar da shi, Madam Hagan ta ɗauke hannu daga fiyano, mai ƙaho ya koma gefe, aka bar su su biyu. Teburina yana dab da dandamalin, sai na zare ƙafa ɗaya daga takalmi a ɓoye na ɗora yatsuna a gefen katakon. Kukua, shekara goma sha tara ina sayar da zoɓo a wurin kiɗan nan, ran nan na fara jin abin da suke yi. Dunduniyar Kawunki tana tafiya a ƙasa, babanki yana hawa kanta yana sauka, ya yi nisa har in ce ya ɓata, sai ya dawo ya same ta a inda ya bar ta. Da suka gama mutane suka miƙe tsaye, kuma wannan karon tafin gaske ne, na san bambancin. Wata mata ta miƙo min kuɗin kelewele na kasa ganin hannunta.

To ga amsar maganarki. Ba za mu ƙaura ba, kuma ba za a raba shi da kiɗa ba. Amma kin yi gaskiya a kan likita, Ekow ya kai shi an duba kunnen, zai koma wata mai zuwa. Na'urarki ta fito daga durowa, yana saka ta a gida, ya ce tun da ya fara jin muryata sosai yake kewar lokacin da ba ya ji. In zai yi kiɗa cire ta yake yi, wai tana mayar masa da kabad gwangwani. Na gode miki da kukan da kika yi, na ɗiya mai son ubanta ne. Na gode wa Allah da ya bar ni na ga wannan rana, da Madam Hagan da ta iya yin shiru, da duk 'yan ƙungiyar nan da ba wanda ya tambayi dalilin dandamali. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, mu kam mun san namu.

Roƙo ɗaya nake da shi. Na so in ba Kawunki takalman babanki, tun da shi ba zai saka ba, sai suka yi masa kaɗan. Lamba arba'in da huɗu yake sakawa. Ki nemo masa masu ƙarfin dunduniya amma masu taushi a ciki, ke da kika san aikin asibiti, don na gano tafiyar kaguwar nan ba takalmi ne kaɗai ya jawo ta ba, ƙafar ce ta kumbura tun tuni bai gaya wa kowa ba. Kada ki aika masa kai tsaye, ki aiko min. Ni nake so in kai masa da hannuna, in durƙusa in saka masa. Tsohon takalmin kuwa na riga na gaya masa ba zai jefar ba, na hagun nawa ne, zan ajiye shi a kan kabad ɗin kwanukana inda zan riƙa ganinsa duk lokacin da bakina ya yi min ƙaiƙayi.

Ki gaishe min da Fiifi, ki ce na gode da kulawarsa. Ki rungume min Paa Kow da Ewurabena, ki gaya musu kakansu yana jin ganga da ƙafa, in sun zo hutu zai koya musu. Innarki Baaba da Ekow suna gaisuwa, Madam Hagan ta ce har yau tana jiran hoton yaran. Babanki yana tsakar gida yanzu haka a kan katakon, don tsakanin wasa da wasa a gidanmu dandamalin yake zama. Na fita na buga masa dunduniya sau biyu, ya juyo, na nuna masa takardar. Ya ce in rubuta miki yana lafiya, yana cin abinci, kuma kada ki manta, arba'in da huɗu.

Ubangiji ya yi miki albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Aba Quayson